Azumin da Muka Yi a Ƙofar Makaranta

Bana azumi ya sake faɗowa daidai da buɗe makarantu. Masu ilimi sun ce shekara talatin da 'yan kai yake yi kafin ya zagayo ya dawo lokacin da ya bari. Ni ba wanda ya gaya min, jikina ne ya sani. Ranar ɗaya ga wata na buɗe taga da hantsi, iskar teku ta shigo da ɗuminta da danƙonta, irin wadda ke manna wa mutum riga a gadon baya. Ga 'yan mata suna wucewa a ƙasa cikin maryul, rigar nan tasu ta makaranta, suna mitar ƙishirwa tun rana ba ta je ko'ina ba. Na mayar da tagar na rufe, na kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na zauna. Sanyin bai hana ni komawa can ba.

Lokacin muna zaune a kudancin Jidda, wajen Mahjar, a ɗakunan katako da kwano da muke kira sandaƙa. Layinmu Takari ne zalla, jikokin waɗanda suka zo hajji a ƙafa suka zauna, sai ɗaiɗaikun Hausawan Sudan. Titi ɗaya ne ya raba mu da wata hara, wato unguwa, ta Larabawa mai gidajen bulo. Ba zan faɗi sunanta ba, jikokinsu suna nan, wasu ma muna gaisawa. A harar tasu bazan yake, famfon da kowa ke ɗiban ruwa. Makarantar 'yan mata ma a can take. Abincina kuma a can yake, don wankau nake yi. Gida shida nake wa wanki da guga, har da gidan umda, mai unguwarsu.

Zafin wannan wata ba mai ƙuna ba ne, jiƙa mutum yake yi. Ki yi wanka, kafin ki ɗaura zane kin sake jiƙewa. Ashana ta ƙi kamawa, gishirin miya ya narke a gwangwani. Kayan da na shanya tun safe sai la'asar ta same su da laima suna warin rima. Kwanon ɗaki in azahar ta yi ba ya taɓuwa, sai mu jiƙa buhu mu rataya a ƙofa mu kwanta a ƙasa kusa da randa, muna jin sanyin jikinta ba halin sha. Ƙuda kuma ba a magana, ga ƙarnin kifi da iska ke kwasowa daga bakin teku.

Da an idar da asuba ake kai garwa bazan. Ba a tsayawa, garwar ce ke riƙe wa mutum layi, kowa ta san tata da tsumman da ta ɗaura a marikinta. Ni da maƙwabciyata muke haɗa wanki. Sunanta Hauwa, amma kowa Tasudan yake ce mata, don daga can iyayenta suka zo da ita. Ta girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce mata. Babban baho ɗaya gare mu, ita ta cuɗa ni in ɗauraye, in hannunta ya gaji mu sake. Ruwa ba a zubar da shi sai ya yi aiki uku: fararen kaya, masu launi, sannan a yayyafa wa tsakar gida. Farare kuma sai da soda da bula, Larabawa ba sa karɓar taub, doguwar rigarsu, in bai ɗauki ido ba. Sodar nan ita ke cin hannu. Tafinmu duk ya yi sulɓi, ya tsattsage a gefe.

Bayan azahar guga. Wanda bai taɓa tsayawa kan dutsen guga na gawayi da azumi a bakinsa ba, kada ya ba ni labarin ƙishirwa. Ga ruwan yayyafi a kwano kusa da ke, kina watsa wa rigar wani yana tsuwwa yana tashi. Da la'asar a markaɗa wake, a dama kunun tsamiya, a ɗora shurba, romon nan na shan ruwa. In igwar shan ruwa ta tashi, kwanoni su yi ta tsallake katanga, nawa ya je gidan Tasudan nata ya zo nawa. Ba mu da yawa, amma ba wanda ya taɓa shan ruwa da abu ɗaya.

A wannan shekarar 'yata ta fari, Zulai, ta cika bakwai. Yarinya ce mai kai. Duk gwangwanin da ta tsinta sai ta tambayi abin da aka rubuta a jiki, ni kuwa ko alif ban sani ba sai karatun salla da baki. Babanta dako yake yi a mina, tashar jiragen ruwa, amma yana da tabi'iyya, takardar ɗan ƙasa, tun daga ubansa. Yawancin layinmu haka ne. Duk da haka bara waccan da aka kai 'yan matanmu makarantar tsallaken titi, korarsu aka yi. Mijin Tasudan direba ne, ya iya rubutu, shi ya ɗauki maganar ya kai gaban alƙali. Ya yi ta sintiri kusan shekara. A Sha'aban hukunci ya fito: duk yarinyar da ubanta ke da takarda, kuma makarantar ce mafi kusa da gidansu, a ɗauke ta, ba ruwan kowa da wane gefen titi take kwana. Aka ba shi kofi da hatimi. Ranar har guɗa aka yi.

Na sayi yadi na kai wa tela. Maryul ɗin ya yi wa Zulai yawa, da gangan na sa aka yi shi haka don ya kai ta shekara uku. Ta sa shi tana taka bakinsa.

To amma maza ne suka ci shari'a, ƙofar kuwa ta mata ce. Namiji ba ya zuwa kusa da makarantar 'yan mata, sai tsohon mai gadi da ke zaune a waje. Saboda haka mu aka bar wa. Ranar biyu ga azumi mu tara muka tsallaka titi da 'ya'yanmu, Tasudan a gaba da 'yarta Batula, takardar alƙali a ƙunshe cikin leda a ƙirjinta. Mai gadi ya ce mudira, shugabar makarantar, ba ta zo ba. Muka jira har aka tashi. Kashegari ta zo, amma ta aiko cewa ba kujeru. Rana ta uku aka ce takardar alƙali ba ta isa ba, sai kowace ta kawo shaidar umda cewa a harar take zaune. Muka je wajen umda, ya ce shi ba zai yi shaidar ƙarya da azumi ba, mu ba 'yan hararsa ba ne. Muka dawo ƙofa.

Ba inuwa a wajen, sai ta katangar makaranta, ita ma kafin hantsi ya ɗaga ta gudu. Muna tsaye cikin baƙaƙen abaya gumi na bin ƙafafunmu. Yaran suna azumin rabin yini, leɓunansu sun bushe. Daga ciki ana jin 'yan mata suna maimaita karatu da murya ɗaya, Zulai ta manna kunne a jikin ƙofar ƙarfe tana bin su a hankali. Kafin sati ta haddace abin da ake koya wa 'yan ajin farko, ba ta san da wane harafi ake rubuta shi ba. In an tashi 'yan makarantar su fito su ratsa mu. Yawanci kallo kawai suke yi, amma akwai masu toshe hanci, akwai wadda ta ce wa Zulai baiwa. Zulai ta tambaye ni me ya sa, na ce ta rufe min baki.

Tsayuwar nan tana cin safiya, safiya kuwa ita ce ta wanki. Kaya suka taru. Sannan aka fara taɓa ruwa. Mai kula da bazan ya ce daga yau 'yan hara za su fara ɗiba, na tsallaken titi sai abin da ya rage. Garwarmu da ke cika kafin rana ta fito ta koma sai kusan azahar, wata rana famfon ya ɗauke ba ta kai ba. Muka koma sayen ruwa wajen masu zaffa, garwa biyu a sanda, da tsada. Gida biyu suka aiko kada in sake zuwa ɗaukar kaya. Sai na uku. A gidana aka daina ƙosai, kunu ya tsinke, shurba ta koma ba nama.

Gidan umda ba su kore ni ba. A can nake musu guga, a wani lungu bayan zauren da maza ke zama bayan la'asar, labule kawai tsakaninmu. Don haka na ji hujjarsu da kunnena, ba labari aka ba ni ba. Umda ba mai ihu ba ne, a hankali yake magana. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, Takari 'yan uwansa ne a Musulunci, sahu ɗaya ake tsayawa. Amma alƙali yana zaune a mahkama, kotunsa, bai taɓa taka harar nan ba, bai san wa ya ba da filin makarantar ba, bai san su wa suka yi karo-karo aka ja katanga ba. Kowace hara ita ta san 'ya'yanta, ita ya kamata ta tsara lamarinta, haka aka gada. In yau an bar na nesa ya faɗi wadda za ta zauna kusa da 'yarka a aji, gobe shi zai faɗi wanda zai shigo maka gida. Ya ce ba hukuncin suke ƙi ba, hurumin da aka shiga suke karewa. Wani ya ce in aka matsa, gara kowa ya janye 'yarsa a rufe makarantar baki ɗaya. Umda ya ce ba za a kai can ba, akwai hanya mai sauƙi: a yi wa Takari tasu makarantar a layinsu, daidai da wannan, kowa ya zauna da nasa cikin mutunci.

Ina gugar ina ji, kuma gaskiya maganar ta shige ni. Abin da ya ƙara mata nauyi, dattijon layinmu, Baba Tanko, shi ma irinta ya yi. Ya tara mu ya ce tun zuwan kakanninmu mu ke sasanta rigimarmu, mu ke wanke gawarmu, ba mu taɓa kai ƙarar kowa ba sai yanzu da direba ya jawo mana. Me za mu je nema inda ake toshe mana hanci? A yi mana tamu, mu sa ido a kanta da kanmu. An riga an faɗa masa shi zai riƙe mabuɗin, wannan daga baya muka ji.

Matar umda, wadda nake kira Ammati, ita ta same ni ranar sha biyar ga wata. Ta ba ni ragowar sambusa a takarda, ta tambayi Zulai da suna. Ta ce za a kawo wata takarda layinmu, ta iyaye mata, cewa mu da kanmu mun fi son makaranta a wajenmu, mun janye daga wannan.

"Ya Hajja, ke mai hankali ce," in ji ta. "Shekara nawa kina shiga gidan nan? In kin sa hannu sauran za su sa. Halas, shi ke nan, kowa ya huta, a yi Salla lafiya."

Ba ta ce za ta karɓe wankinta ba. Ba ta bukatar faɗa.

Ni na bi gida gida. Ni na maimaita maganar umda a bakin baho kamar tawa ce, har ina ƙara mata gishiri. Na ce a makarantarmu ba mai ce wa 'yata baiwa. Tasudan ta saurare ni har na gama, ta ce wanda ya hana ki ruwan famfo shi zai gina miki makaranta? Na ce ita mijinta albashi yake ɗauka, ni da hannuna nake ci. Ta ci gaba da cuɗa. Baban Zulai da na gaya masa, ya ce maganar 'ya mace ta uwarta ce, shi dai kada a ja masa abin da zai taɓa aikinsa.

Ranar sha bakwai bayan azahar magatakardan umda ya zo zauren Baba Tanko da takarda da ɗan akwatin tawada. Mu shida muka je cikin tara. Ya karanta mana sau biyu. Kada wani ya ce an cuce ni don ban iya karatu ba. A Jidda aka haife ni, Larabcin nan da shi na tashi, ba kalmar da ta wuce ni. Takardar ta ce mu iyayen yara, bisa son ranmu, ba tilas, mun sauke haƙƙin da alƙali ya ba 'ya'yanmu a wannan makaranta, muna roƙon a buɗe mana wata. Ya rubuta sunan kowace mace da na 'yarta, ana dangwala babban yatsa a gefe.

Da aka zo kaina na danna yatsa a tawada na danna a takarda. Ba abin da ya fito sai baƙin tabo sumul kamar ƙwai. Ya ce in sake. Na sake, haka. Na kawo na hagu, shi ma haka. Soda ta cinye zanen yatsuna tas, ni ban ma sani ba sai ranar. Sauran matan 'yan gyaɗa ne da masu ɗinki, nasu ya fito raɗau. Magatakarda ya ce wannan ba basma ba ce, wato ba shaidar yatsa ba ce, ba mai karɓarta. Ko in huta da wanki in dawo bayan Salla, ko a soke sunana. Baba Tanko ya ce a soke kawai, biyar ma sun isa.

Kun ga Allah ya buɗe min ƙofa. Ba abin da zan yi sai in goge hannuna in tafi gida, ba wanda zai ce na ƙi. Amma abin da ya zo min a rai shi ne Ammati za ta sa a karanta mata sunaye, ta ji babu nawa, ni da na tara mutane. Zulai tana tsaye ta riƙe gefen abayata, ko'ina tana biye da ni a kwanakin nan. Na ce wa magatakarda ga 'yata, jinina ce, a sa nata a madadin nawa. Ya dubi Baba Tanko, Baba Tanko ya dubi ƙasa. Magatakarda ya ɗaga kafaɗa ya turo akwatin.

Ni na kama hannunta. Ɗan yatsan nan ƙarami, mai laushi, na danna shi a tawada na danna a takarda. Ya fito da kyau, kowane zane a fili.

A hanya ta ɗaga shi sama tana kallo. "Inna, rubuta ni aka yi?"

"An rubuta ki," na ce.

Ta ruga ta nuna wa duk wanda ta gani a layi. Ta ƙi yarda ruwa ya taɓa yatsan. In za ta yi alwala sai ta ɗaga shi, in za ta ci abinci ta naɗe shi da tsumma. Kwana huɗu tawadar ta yi kafin gumi ya cinye ta, ranar da ta ɓace har kuka ta yi. Na ce mata ba komai, yana can a takarda, an ce sai bayan Salla za a fara.

Kashegari garwata ta cika da sassafe. Gidaje ukun nan suka aiko da kaya, har da ƙari, don Salla ta matso kowa yana fito da labule da shimfiɗa. Nama ya dawo shurba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na yi barcin rana har da minshari.

Tasudan ta shigo da la'asar ɗaukar bahonta, don asali nata ne. Labari ya riga ya kai mata. Ba ta zauna ba. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga min hannu.

"Da naki kika sa, sai in ce tsoro ne, kowa yana ji. Na yarinyar fa?"

Ta kife bahon a ka ta fita. Ranar da igwa ta tashi kwanona ya tsallaka katanga ya dawo yadda ya tafi. Na sayi ƙaramin baho, na ƙarasa azumin ina cuɗa ina ɗauraya ni kaɗai, bayana kamar zai tsinke.

Su uku suka ci gaba da zuwa ƙofa, ita da wasu mata biyu da 'ya'yansu. Ina wucewa da ƙullin kaya a ka ina ganinsu, in kau da kai. Goman ƙarshe zafin ya ƙaru, iska ta tsaya cik. Wata rana Tasudan ta yanke jiki ta faɗi a wajen, mai gadi ya yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo ta ƙi karya azumin, ta ƙi tafiya gida. Ruwanta kullum na saye ne har aka ga wata. Mijinta kuma ya koma mahkama.

Bayan Salla da kwana kaɗan wani mutum ya zo daga wajen alƙali, da askari ɗaya a bayansa. Umda ya tare shi a bakin titi da takardarmu, ya ce ga shi mutanen da kansu sun janye, ba wanda ya hana kowa. Mutumin ya duba, ya ce waɗanda suka janye sun janye, waɗanda ba su sa hannu ba a buɗe musu yanzu yana tsaye. Aka buɗe. Yara uku suka shiga. Makarantar da aka ce za a rufe ba a rufe ba. Wasu 'yan harar sun riƙe 'ya'yansu a gida sati ɗaya, suka gaji da su suka mayar. Batula ta sha wuya, kujerar baya aka ba ta ita kaɗai, ta sha dawowa da kuka. Uwarta ta share mata fuska ta mayar da ita da safe. Yanzu ita ma abla ce, wato malama, tana koyarwa.

Safiyar da Batula ta fara shiga, Zulai ta tashi ta sa maryul ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana. Na ce ta cire, tamu ake ginawa, ta fi waccan. Ta cire.

Tamu ta zo bayan wata biyu. Ɗaki ne a bayan gidan Baba Tanko, da tabarmi uku da allo jingine a bango. Aka turo wata abla tana zuwa kwana biyu a sati, in ta zo hancinta a cikin gyale. Sati uku ta yi. Sai ruwan hunturu ya sauka, irin na Jidda da ke zuwa sau ɗaya ya yi ɓarnar shekara. Layinmu ya zama kogi, ruwa ya shiga ɗakin har gwiwa ya tafi da tabarmin. Abla ba ta dawo ba. Muka je wajen umda ya ce lamarin layinmu ai namu ne, shi ba ya shiga hurumin wasu. Kafin bazara Baba Tanko ya ɗaure awakinsa a ciki.

Da shekara ta zagayo na ja Zulai muka koma ƙofar ni kaɗai. Wannan karon har ofis aka shigar da ni. Mudira ta yi min magana da ladabi, ta jawo fayil ta nuna min sunana da ɗan yatsan a gefe, ta ce ita ba ta da ikon warware abin da uwa ta ƙulla. Baban Zulai ya ce ba shi da ƙafar sintirin mahkama, ni kuma kunya ta hana ni zuwa wajen mijin Tasudan. Shekara ta gaba aka ce ta girmi ajin farko. Maryul ɗin a lokacin ya yi mata daidai. Ƙanwarta ce ta sa shi daga baya, don kafin ƙannenta su taso gari ya buɗe, an sake mudira, umda ya mutu, ba wanda ya ƙara tuna wata takarda. Duk sun yi karatu. Zulai ce ke raka su ƙofa da safe ta dawo mu hau wanki. Tana da shekara goma ta iya guga fiye da ni.

Ni da Tasudan mun shirya kafin ta rasu, amma ba mu sake haɗa baho ba. Ni da Zulai kuwa ba mu taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Ta yi aure, ta haifi biyar, ta sa su duka a makaranta, ba ta yarda ɗaya ya yi fashin yini. Ita har yau in an ba ta takarda a asibiti sai ta nemi mai karanta mata. Na riƙa gaya wa kaina yarinya ce lokacin, ta manta.

Shekara uku ke nan ina zuwa ajin manyan mata a wani gida kusa da mu, wata malama 'yar Nijar ke koya mana. Ranar goma ga azumin nan Zulai ta kawo min shurba gab da magariba, ta tarar da littafina a buɗe a kan tabarma. Ta ɗauka tana juya shi. Na yi ƙarfin hali na ce bayan Salla za a ɗauki sababbi, ta zo mu riƙa tafiya tare, akwai waɗanda suka girme ta a ajin.

Ta ajiye littafin. "Ni ai an rubuta ni tuntuni, Inna."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma zuba shurbar a kwano. Na ce mata na san abin da ke cikin takardar nan, an karanta min sau biyu kafin in kama hannunta. Ta ce ta sani, Batula ta gaya mata tun satin da ta fara shiga aji.

"Shekara talatin da wani abu, ba ki taɓa tambayata ba?"

"In na tambaya me za ki ce?"

Na ce ta yafe min. Daidai nan aka kira salla, ta miƙo min dabino ta ce in sha ruwa tukuna. Na sha. Muka yi salla, ta wanke kwanonta ta tafi. Tana zuwa kullum kamar yadda ta saba, ba ta sake zancen ba, ni ma ban matsa ba.

Jiya malama ta zagayo da takardar masu dawowa bayan Salla. Na rubuta sunana a hankali, harafi harafi. Akwai fili a ƙasansa. Ta ce ko in ƙara 'yar tawa da nake yawan zance, ta ajiye mata wuri. Na mayar mata da biro na ce a'a, a bar shi haka. In za ta zo, ita za ta kawo hannunta.